Yarona ba ya cin komai sai biredi da Indomie, na rasa inda zan sa kaina

Maman Abba, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ishe ni. Ɗana na biyu shekararsa 7. Tun da aka yaye shi abincinsa bai wuce huɗu ba: biredi, shi ma sai an ɓare masa gefen, Indomie ba yaji ba albasa ba ƙwai, shayi da madara, sai soyayyar doya in ta soyu ta yi rumus. Shi ke nan. Tuwo ko kallo bai ishe shi ba. In ana kaɗa miyar kuka ko kuɓewa, ƙofar gida yake fita ya toshe hanci. Ranar da na matsa masa ya sa loma ɗaya ta shinkafa da wake, kakarin amai ya dinga yi har idanunsa suka yi ja.

Ƙanwarsa 'yar shekara 5 ta kusa kamo shi a tsawo. Na kai shi kemis an ba shi maganin tsutsar ciki. Na kai shi wani asibitin kuɗi suka ce jininsa ya yi ƙasa, suka rubuta maganin ƙarin jini. Wata maƙwabciyata ta kawo min maganin buɗe ciki na ruwa, ya sha ya yi ta barci, ya tashi ya ninka biredin da yake ci, amma ko abu ɗaya sabo bai ƙara ba. Surukata ta ce shagwaɓa ce, ni na ɓata shi. Babansa ya ce in sa masa ido zai daina. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan ya taimaka min.

Kawu Mai Shago, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, yunwa maganin muguwar dafuwa. Ki ɗauke biredin nan kwana biyu ki ajiye masa tuwo, ki ga in bai ci ba. Mu goma sha ɗaya muka tashi a gida ɗaya, kwano ɗaya ake ajiye mana, wanda ya tsaya zaɓe ya kwana da yunwa. Ban taɓa jin wanda ya mutu ba.

Maman Abba, Tudun Jukun:
Kawu, wallahi an gwada. Babansa ne ma ya sa aka yi da hutun da ya wuce. Tun daga karin kumallo har azahar ɗin washegari ruwa kawai yaron nan ya sha, tuwo na gabansa. Sai da ya fara layi, jikinsa ya yi sanyi, na ce a'a, ni ba zan iya ba.

Kawu Mai Shago, Sabon Gari:
To wannan kuma taurin kai ne na gado.

Inna Kaka, Ƙofar Doka:
'Yata, an cire masa beli kuwa? A zamaninmu in yaro yana kakarin amai in zai ci abinci, wanzami ake kira. In kuma ya ƙi kunu a yi masa ɗura. Haka muka raini namu.

Likitan Yara, Samaru:
Inna, Allah ya ƙara girma, amma ki yi min afuwa, waɗannan biyun kam ina roƙo a bar su. Ɗura, wato a toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu yana kuka, sau da yawa kunun hanyar iska yake bi ya sauka a huhu, ya zama ciwon nimoniya. Muna karɓar irinsu. Beli kuma ba shi ke hana cin abinci ba, cire shi na iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Maman Abba, ba zan ce ga ciwon ɗanki ba tunda ban gan shi ba. Amma yadda kika zayyana, musamman wunin nan da kwanan da ya yi da yunwa abinci na gabansa, ya yi kama da wata larura da ake kira ARFID a taƙaice, wato ƙin abinci ko taƙaita shi har ya cutar da mutum. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ce ta sa ta a kundinta na cututtuka a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a nata sabon kundin da ya fara aiki a 2022. Ba sabon ciwo ba ne, suna ne ya zo daga baya.

Tsirfar abinci irin ta yara kowa ya san ta, tana yawa tsakanin shekara 2 zuwa 6, yaro na yi yana girma, in yunwa ta ci shi ya ci. Wannan kuwa sai ta taɓa ɗaya daga cikin abu huɗu: yaro ya rame ko girmansa ya tsaya, ko jikinsa ya rasa sinadarai kamar yadda jinin ɗanki ya yi ƙasa, ko ya dogara da abincin gwangwani na asibiti ko robar hanci, ko kuma abin ya hana shi zama cikin mutane. Kuma ta fuska uku take zuwa. Akwai wanda laushi, yauƙi, wari ko launin abinci ke tayar masa da zuciya. Akwai wanda abinci bai dame shi ba kwata-kwata, ba ya jin yunwa sosai, loma uku ya ƙoshi. Akwai kuma wanda tsoro ne, ya taɓa shaƙewa ko yin amai mai tsanani. Mutum ɗaya na iya haɗa biyu ko duka.

Abin da ya raba ta da anoreksiya: mai anoreksiya tsoron ƙiba yake yi. Mai wannan ba ruwansa da siffar jiki, wani ma so yake ya yi ƙiba.

Ɗalibar Kongo:
Innalillahi. Likita kamar ni kake bayani. Shekarata 22. Ina aji biyu a sakandare ƙayar kifi ta maƙale min a wuya a makarantar kwana, sai da aka kai ni asibiti aka ciro. Daga ranar na daina cin duk abin da sai an tauna sosai. Kunu, koko, fura, shayi, fate in ya yi ruwa-ruwa. Nama kuwa ko a Babbar Sallah. In an je biki cewa nake ina azumi. Har ƙawayena suka sa min suna Ustaziya. A gida an yi min ruƙiyya, an ce jinnu ne, wasu suka ce gayu nake kada in yi ƙiba. Ban taɓa gaya wa kowa cewa tsoro nake ji ba sai yau.

Maman 'Yan Biyu, Hanwa:
Allah sarki ƙanwata. Allah ya yaye miki.

Sista Mai Awo, ta wajen Giwa:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba za a so ba. Ni kullum da tef nake wuni ina auna damtsen yara. Ɗan wata 6 zuwa 59, in damtsensa ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja, tamowa mai tsanani ke nan. Uwa za ta tako daga ƙauye da yaro kamar tsinke saboda babu abin da za a ba shi, ledar madarar gyaɗar nan ta tamowa wani lokaci ma ta yanke mana. Sai in shigo nan in tarar ana dogon turanci a kan yaron da ke da biredi da madara yana ƙi. Likita, da girmanka, wannan ba ciwon 'yan birni ba ne?

Likitan Yara, Samaru:
Sista, aikinki ya fi nawa wuya, ban musa ba. Kuma ma'anar larurar kanta ta cire wanda rashin abinci ne ya hana shi ci, ta cire mai azumi ko mai bin wata al'ada. Amma ki tuna gwajin da kuke yi kafin ku sallami yaro da ledar nan, a ba shi a ga ko zai ci. Wanda ya kasa ci kukan tura shi a kwantar, don yawanci wani ciwo ne a jikinsa. To cikin waɗanda aka yi wa magani suka warke amma har yanzu suna ƙin komai sai nono ko koko, kina ganin babu irin Abba? Ɗan talaka ma yana yi. Bambancin shi ne Abba na da biredin da zai riƙe shi, wancan ba shi da shi, sai ya iso wurinki a ja.

Sista Mai Awo, ta wajen Giwa:
Akwai wata yarinya da ta dawo mana sau uku, yayyenta duk ɓul-ɓul. Na sha zargin uwar da sayar da ledar. Ban ce na yarda da kai duka ba, amma ka sa ni tunani.

Anti Mai Ilimin Abinci, Palladan:
Sannunku. Ni fannina abinci mai gina jiki ne. Maman Abba, abu na farko: kada ki ɗauke biredi da Indomie ɗin nan. Na san zai ba wasu mamaki daga bakina. Amma su ne igiyar da yake riƙe da ita. Yaron da nauyinsa ya yi ƙasa, a fara cika masa ciki da abin da ya yarda da shi tukuna, sabon abu ya biyo baya.

Ki duba abin da ke cikin huɗun nan. Kusan duk sitaci ne da mai. Madarar shayi ce kaɗai ke ɗan taimaka masa. Babu inda zai sami isasshen sinadarin ƙarfe, shi ya sa jini ya yi ƙasa, kuma ƙarancin jinin kansa yana ƙara kashe sha'awar abinci. Shayin ma in da ganye ne yana rage shigar ƙarfen jiki, gara a ba shi madarar da ruwan zafi kawai in zai karɓa. Bitamin C kusan babu, rashinsa kan sa dasashi ya kumbura yana jini, ƙafafu su yi ciwo har yaro ya ƙi tafiya. Bitamin A ma da kyar, rashinsa ke kawo dundumi.

Kuma kada a ruɗu da jiki. A 2019 likitoci a birnin Bristol na Ingila sun ba da rahoton wani saurayi ɗan shekara 17 da ganinsa ya lalace har abada. Tun yana firamare abincinsa soyayyen dankali ne, da Pringles, da farin biredi, da ɗan sarrafaffen nama. Nauyinsa daidai yake, ba wanda zai kalle shi ya ce yana da tamowa. Rashin bitamin B12 da wasu sinadarai ne ya cinye jijiyar idon.

Maganin buɗe cikin da maƙwabciya ta kawo, ina kyautata zaton mai sifroheftadin ne, shi ke sa barci da yunwa. Likita na iya rubuta shi na ɗan lokaci a wasu yaran, amma kin gani da idonki, yawan biredi ya ƙara, bai koya masa cin wake ba. Wanda nake jin tsoro shi ne sha-ka-fashe da ake haɗawa da deksa, wato maganin deksametazon. Kumburi ne ba ƙiba ba, yana raunana garkuwar jiki, yana tsayar da girman yaro.

Maman 'Yan Biyu, Hanwa:
Anti, nan fa ne inda ni na sha wahala. Hassan ɗina haka yake, shi kuma an ce yana da otizim, abin da wasu ke kira galahanga. Na je wurin likita ya ce in hana shi biskit kwata-kwata don shi ke toshe masa ciki. Bayan sati biyu na ga mai ilimin abinci a wani wurin daban, ta ce kada in kuskura in hana. Malamarsu a makaranta kuma ta ce in niƙa alayyahu in ɓoye masa a cikin taliya. Na ɓoye, ya gano a lomar farko, ya yi wata huɗu bai ƙara cin taliya ba, alhali tana cikin abu biyar da yake ci. Kowa da gaskiyarsa, ba wanda ya san abin da ɗayan ya ce, ni ce a tsakiya kamar ƙwallo. Na koma gida na zauna na yi kuka.

Likitan Yara, Samaru:
Maman 'Yan Biyu, kin taɓo inda gizo ke saƙar. Abin da ya sa ake cewa wannan larura aikin tawaga ce ba yawan ma'aikata ake nufi ba. Ke ma ai mutum uku kika gani. Abin da ya ɓace shi ne ba su yi magana da juna ba.

Ga yadda ya kamata ya tafi. Ni nawa shi ne in tabbatar ba wani ciwo ne ya ɓuya a baya ba: ƙwannafi mai dawo da abinci, taurin bayan gida, kumburin maƙogwaro, ruɓaɓɓen haƙori, tarin fuka, sikila, tsutsa. In auna tsawo da nauyi in ɗora a kan jadawalin girma, in duba jini. Anti ta lissafa abin da yake ci da abin da ya rasa, ta tsara yadda za a cike. Masanin halayya ya yi aiki a kan tsoron da ƙyamar. In yaro na shaƙewa ko tari in yana ci, ko ya tara abinci a kumatu, a nemi mai gyaran magana, don su ne masana tauna da haɗiya, sai dai ba su da yawa a ƙasar nan. Nas ce ke ganin yaron a kai a kai tana awo. Sannan a sami mutum ɗaya da zai riƙe ragama, a fito da tsari ɗaya, a ce wannan watan nauyi muke nema, wata mai zuwa sabon abinci. Da an yi haka, da ni da Anti mun daidaita a kan biskit ɗin Hassan kafin ki bar asibiti: a bar shi, amma a sa masa lokaci.

Wani dalilin da ya sa ba a yin shi a warwatse: wanda ya rame sosai ya daɗe ba ya ci, in aka ɗura masa abinci da yawa lokaci ɗaya, sinadaran fosfet, fotasiyam da magneziyam na jininsa na iya faɗuwa cikin kwanakin farko, zuciya ta rikice. Sista ta san wannan, shi ya sa a ɗakin tamowa ake farawa da madarar F-75 mai sauƙi kafin F-100 mai ƙarfi. Irin wannan kwantar da shi ake yi, likita da mai ilimin abinci suna kallon sakamakon jini tare.

Baban Ummi, Gyallesu:
Likita duk wannan a ina? A Zariyar nan? Kuma da wane kuɗi? Mutum biyar kowa da katinsa da layinsa. Ni ɗan kasuwa ne, in na rufe shago na tafi asibitin koyarwa na Shika na wuni, ranar ba a ɗora tukunya ba. Kuna kawo tsarin Turawa kuna ɗora wa mai Keke Napep.

Anti Mai Ilimin Abinci, Palladan:
Baban Ummi, tambayarka a kan hanya take. Ba zan ce maka akwai ɗaki ɗaya da za ka shiga ka tarar da mu biyar a zaune muna jiranka ba. Amma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen yara, da na ƙwaƙwalwa, da na abinci, ga kuma Cibiyar Lafiyar Yara a Banzazzau ga na cikin gari. A fara da likitan yara, shi zai tura inda ya dace. Ba kowane yaro ke buƙatar duka biyar ɗin ba, kuma ba kowane sati ba.

Dabarar da nake ba iyaye ba ta fi kuɗin littafin rubutu ɗaya ba, mai shafi 40 ɗin nan na 'yan makaranta. A gaba uwa ta rubuta abin da yaro ya ci kullum da lokacin, da abin da aka gwada da yadda ya yi. A baya kuma duk ma'aikacin da aka gani a roƙe shi ya rubuta layi uku: abin da ya gani, abin da ya ce a yi, abin da yake so na gaba ya duba. In kin zo wurina na karanta abin da likita ya rubuta, ba zan ba ki akasinsa ba tare da na neme shi ba. Awon nauyi kuma a yi a ƙaramin asibitin unguwa, sikeli ɗaya, wata-wata.

Baban Ummi, Gyallesu:
In sun yarda sun rubuta ke nan. Wani ko kallonka ba ya yi.

Masanin Halayya, Kwangila:
Na shigo a makare. Baban Ummi, wani zai ƙi, amma da yawa za su rubuta in an miƙa musu da biro a hannu.

Bari in faɗi namu ɓangaren don mutane na zaton hira kawai muke yi. Kawu ya ce taurin kai. Kawu, a ce an ajiye maka kwanon kyankyasai an ce sai ka cinye za ka tashi. Yunwar wuni ɗaya za ta sa ka ci? To kusan haka miyar kuɓewa take a idon Abba. Duka da tsawa ƙara haɗa abinci da tashin hankali suke yi a ƙwaƙwalwarsa.

Abin da muke yi sabo ne a hankali, hawa-hawa. Yau ya yarda a ajiye abin a tabarmar da yake zaune. Gobe a gefen farantinsa. Sannan ya taɓa, ya shinshina, ya lasa, ya gutsura kamar ƙwayar gero ya tofar in ya so. Ko yaro mai lafiya sai an gabatar masa da sabon abinci sau 10 zuwa 15 kafin ya karɓa, balle wannan. Kuma ba daga biredi a yi tsalle zuwa tuwo miyar kuka ba. A nemi maƙwabcin abin da yake ci. Yana son soyayyar doya mai rumus, to sai soyayyen dankalin Hausa da aka yanka irin yankan doyar, daga nan dankalin Turawa, daga nan awara da aka soya ta bushe, wataƙila ƙosai. Kin ga an iso waken suya da wake ba a bi ta yauƙi ba. Lokacin cin abinci ya zama sananne, manya uku da ƙanana biyu ko uku a tsakani, kada zama ya wuce minti 30, in an tashi an tashi ba gori. Kuma kada a ɓoye komai a cikin abincin da ya aminta da shi, kun ji abin da ya sami taliyar Hassan.

Ƙanwata ta Kongo, naki ya fi saurin amsa magani fiye da yadda kike zato. Akwai tsarin da wasu masana biyu, Jennifer Thomas da Kamryn Eddy, suka fitar a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, don 'yan shekara 10 zuwa sama, zama 20 zuwa 30. Irin naki, bayan likita ya tabbatar maƙogwaron lafiya lau, jerin abinci ake yi daga wanda kika fi raina tsoronsa zuwa nama, a bi ɗaya bayan ɗaya tare da ke a ɗaki. Ki fara da asibitin makarantarku, ki faɗa musu abin da kika faɗa mana, kalma da kalma.

Ɗalibar Kongo:
Na gode Malam. Amma in Babanmu ya ji na je sashen ƙwaƙwalwa, cewa zai yi na jawo wa gida abin faɗe, wa zai aure ni.

Maman Abba, Tudun Jukun:
Nima abin da ke raina ke nan. Baban Abba na jin an ce likitan ƙwaƙwalwa zai ce Barnawa za a kai masa ɗa.

Masanin Halayya, Kwangila:
Na saba jin wannan. Asibitin Barnawa a Kaduna ma ba na masu tsince-tsince a bola ba ne kaɗai, masu rashin barci da damuwa da farfaɗiya na zuwa su koma gida a ranar. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ce ta bar mana wannan kallon, an kuma maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023. Amma doka ba ta sauya zuciyar uba. Maman Abba, ki ce masa likitan yara za a gani, gaskiya ce kuma. Ki roƙe shi ya raka ku ko sau ɗaya, ya ga jadawalin girman da idonsa. Iyaye maza sun fi jin magana in an nuna musu layi a takarda.

Malam Na Zaure, Ƙofar Gayan:
Ina biye da ku tun ɗazu. Addu'a ba ta hana magani, magani ba ya hana addu'a. Amma ga masu dukan yara a kan abinci, ya tabbata daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An kuma kawo masa naman damo ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. To in ƙyamar wani abinci halal ta halatta ga mafificin halitta, yaro ɗan shekara 7 bai cancanci bulala a kanta ba. 'Yata ta Kongo, ki daina cewa kina azumi in ba kya yi, ki nemi magani.

Inna Kaka, Ƙofar Doka:
Malam ya gama magana. Amma ni abin da na ga kun manta, duk kun lissafa likita da nas da wane da wane, ba ku sa kakar yaron ba. 'Yata, surukarki a gidan take?

Maman Abba, Tudun Jukun:
Gida ɗaya muke, Inna. Sunan mijinta ma aka sa masa, shi ya sa muke ce masa Abba. Maigidana take kiransa. In na tafi aiki a wurinta yake wuni.

Inna Kaka, Ƙofar Doka:
To kin gani. Duk abin da za su rubuta a littafin nan, in ita ba ta yarda ba, kina fita za ta warware. Kada ki je mata da "likita ya ce". Ki ce mata an ce maigidanta ba ya jin maganar kowa sai tata, ita za ta riƙa ba shi. Mu tsofaffi a ba mu girma ne kawai.

Anti Mai Ilimin Abinci, Palladan:
Inna, wannan ban karanta shi a makaranta ba. A sa malamar ajinsu ma, kada a tilasta masa abincin wasu a lokacin tara.

Maman Abba, Tudun Jukun:
Salam 'yan'uwa, na dawo bayan sati bakwai, ga inda muke. Mun ga likitan yara, Babansa ya raka mu, da ya ga inda ɗigon Abba ya faɗa a jadawalin bai ce komai ba har muka iso gida. An sami taurin bayan gida da haƙori ɗaya da ya ruɓe, duk an yi magani. An ci gaba da maganin ƙarin jini, an ƙara bitamin. Mai ilimin abinci mun gan ta sau biyu. Masanin halayya sau ɗaya tak, layin da nisa, an ba mu wata mai zuwa. Littafin kowa ya rubuta sai mutum ɗaya da ya ce ba shi da lokaci, ni na rubuta abin da ya faɗa da hannuna.

Nauyinsa ya ɗan motsa. Dankalin Hausa ya yi kwana 12 a gefen faranti kafin ya lasa, yanzu yana cin yanka uku in Hajiya surukata ce ta soya, in ni ce ba ya ci. Dankalin Turawa ya ƙi sam, mun bar shi. Miya har yanzu fita yake yi. Ran Juma'a kuma na yi kuskure, na gaji na daka masa tsawa, ya ƙi cin komai har dare, na rubuta wannan ma.

Ɗalibar Kongo:
Ma sha Allah Maman Abba. Ni ma na je. An duba wuyan an ce lafiya. Jiya na ci rabin dafaffen ƙwai, minti 20 ina taunawa, hannuna na rawa.

Kawu Mai Shago, Sabon Gari:
Ni dai har yanzu ina ganin da a gidanmu ya tashi da ba a kai nan ba. Amma Hajiya wane irin dankali yake ci, fari ko ja? Akwai mai kawo min mai jan ciki daga ƙauye.

Anti Mai Ilimin Abinci, Palladan:
Kawu, mai ruwan lemon cikin nan ya fi bitamin A nesa ba kusa ba, ka ajiye mata. Amma Maman Abba kada ki musanya masa kai tsaye, launin ya bambanta, zai lura. Yanka ɗaya a gefen farin, ki faɗa masa ko mene ne, kuma Hajiya ta soya.